Lungun Hajo

Yammacin da dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Nasidi bai bambanta da na jiyansa ba. Ruwan Fatakwal ya yi ta zuba tun azahar, sai dab da magariba ya ɗauke, ya bar unguwar cikin warin jiƙaƙƙiyar albasa da hayaƙin masu tsire. Matarsa Kamila tana madafi tana tuƙa tuwo. Ladan yana gyara murya a masallacin 'yan albasa. Maigidan kuwa yana ɗakinsa na aiki, ƙofa a rufe, kamar kullum.

Sai aka ji kwal a kan rufi. Aka yi shiru. Aka sake jin wani, ya gangaro a hankali har ya faɗo tsakar gida.

Nasidi ya fito da fushinsa a hannu, don dama ba ya ajiye shi nesa. Mai zanen gine-gine ne, haifaffen Fatakwal, ɗan Alhaji Yahya mai albasa. Ubansa ya ci abinci da buhu, shi kuma da allon kwamfuta, kuma ya ɗauka wannan ya ba shi izinin yi wa kowa tsawa. Ya leƙa waje ya zagi yaran maƙwabta da Hausa, ya ƙara da Turancin kasuwa don kada wani ya ce bai ji ba. Babu yaro ko ɗaya a layin. Da ya dawo ya sunkuya ya ɗauki dutsen, nan take ya yar da shi. Dutsen da ya fito daga cikin ruwan sama, zafi ne da shi kamar an ciro shi daga murhu.

"Mene ne?" in ji Kamila daga bakin madafi.

"Ba komai," ya ce. Ya koma ɗaki ya rufe ƙofa.

Abin da ke cikin ɗakin nan shi ne sarkin gidan. Kwamfuta ce, amma ba irin wadda ake ratayawa a jaka ba. Tsayinta ya kai gwiwar mutum, kuma sai da mutum biyu suka kama aka shigo da ita. Wata huɗu Nasidi ya yi yana zaɓen kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, domin tsohuwar kwamfutarsa ta taɓa mace masa saura kwana ɗaya ya miƙa aiki, ya tsaya gaban manyan mutane yana ba da haƙuri kamar ɗan makarantar da ya ɓatar da littafi. Bai manta wannan kunyar ba. Ya sa wa sabuwar ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki zanen bene mai hawa goma ba tare da ta yi tari ba, da katin sarrafa hoto har biyu, ya kuma bar gurbin ƙara wasu in aiki ya ƙaru. Ya jera mata batura a gefe, ta yadda ko an ɗauke wuta ba za ta ƙifta ido ba. In abokan sana'a suka ce ya yi ɓarna, sai ya ce, "Ni ba ado nake nema ba. Injin da ba ya tsayawa nake so, ba ya kuka, ba ya zafi. Wanda ke wasa da kwamfuta ba zai gane ba."

Sai dai bai yi shawara da garin Fatakwal ba. Baƙin hayaƙin nan da ke sauka kan gari, wanda ke mayar da farar riga ruwan toka a kan igiya, bai san injin mai tsada ba. Cikin wata biyu ya toshe fankokin. Injin ya fara gurnani, ɗakin ya koma tanda. Nasidi ya kira birkila ya huda bango, aka zura bututu mai kaurin cinya, aka ɗaura babbar fanka a bakinsa na waje. Daga ranar duk zafi da ƙara suka koma bayan ɗaki. Ciki ya yi sanyi, ya yi tsit, har kana jin tafiyar agogo. Nasidi ya ce yanzu ya samu abin da yake so.

Bayan ɗakin kuwa wani siririn lungu ne tsakanin bango da katanga, inda tsohuwar randar mahaifiyarsa Hajo take kife tun rasuwarta. Hajo ba ta taɓa yarda a watsa ruwan zafi a wurin ba. In za ta share shi sai ta tsaya ta yi sallama, kuma ba ta shiga da almuru. Ranar da za a huda bangon Kamila ta tuna masa.

"Ko bisimilla a yi, Baban Siddiƙa. Ka san yadda Hajo take yi da wurin nan."

"Gidan ubana ne," ya ce. "Izinin wa zan nema, na randa?"

Siddiƙa ita ce 'yarsu ɗaya, shekararta goma sha ɗaya. Da can a ɗakin aikin take wuni, tana kwance rub da ciki kusa da ƙafarsa tana aikin makaranta, tana yi masa surutu rabi Hausa rabi Turancin kasuwa. Satin da sabon injin ya zo ta ga baƙin hayaƙi ya sauka a kansa, ta jiƙa tsumma don ta taya Babanta gogewa. Tsawar da ya daka mata ranar har masu shago a bakin titi sun ji. Ya kafa doka: ba mai ƙara taka ɗakin. Yarinyar ba ta yi kuka a gabansa ba, ta kwashe littattafanta ta fita.

Duwatsun ba su tsaya a ranar farko ba. Kullum rana ta yi ja, ladan ya taɓa lasifika, sai su fara sauka, uku ko huɗu, kowanne da zafinsa. Nasidi ya yi faɗa da maƙwabcin dama, ya yi da na hagu, har ya ce zai kai ƙara wurin sarkin Hausawa. Ana cikin haka ya fara jin wani abu ta cikin bututun, siririn sauti kamar tarin jariri. Ya ce fanka ce ta lalace, ya kwance ta ya sa sabuwa, tarin bai daina ba. Tsoro ya shige shi, amma irin mutanen nan ne da in tsoro ya kama su sai ya fito musu ta baki a matsayin faɗa. Kamila ta sha shi a kan gishirin miya, Siddiƙa ta sha shi a kan ƙarar takalmi.

A cikin satin ne babban aikin da ya yi wata guda yana zanawa ya zo gangara. Wani kamfani da zai gina rukunin gidaje a Inugu ya ware masu zane uku, ya ce kowa ya zo ranar Asabar da safe ya nuna nasa a hoto mai motsi, yadda mutum zai ga kansa yana tafiya cikin gidajen tun ba a aza tubali ba. Irin wannan hoton inji ne ke dafa shi daga zane, abin da masu sana'ar ke kira renda, kuma yadda Nasidi ya tsara nasa, in aka katse shi sai a koma farko. Ya kunna shi ranar Laraba da hantsi. Injin ya ce sai Juma'a bayan isha'i zai gama. Katunan hoton biyu suka ɗauki wuta, bututun ya shiga hura zafin da bai taɓa hura irinsa ba, ba dare ba rana.

Ranar Alhamis babu dutse ko ɗaya. Magariba ta yi, gidan ya yi wani irin shiru mai nauyi, har Nasidi ya ce a ransa 'yan iskan yaran sun gaji. Sai ya ji Kamila tana kiran sunan 'yarta, sau ɗaya, sau biyu, na ukun kuma da wata murya dabam.

A lungun aka same ta, zaune, ta jingina da bango daidai ƙarƙashin bututun, littafin lissafi a buɗe a cinyarta. Idanunta a buɗe suke amma ba ta ganin kowa. Jikinta ya sandare, da Nasidi ya ɗauke ta sai da zafin ya ratsa rigarsa. Aka sa ta a keke zuwa asibitin unguwa. Aka ɗebi jini, aka duba, likita ya ce ba zazzaɓin sauro ba ne, ba taifot ba ce, ya ba da maganin saukar da zafi. Zafin bai sauka ba. Washegari bayan sallar Juma'a suka dawo da ita gida, kuma tana shiga soro ta buɗe baki a karon farko. Muryar tsohuwa ce ta fito, da Hausar da yarinyar ba ta taɓa ji ba balle ta iya.

"Kun maido ni cikin wutar?"

Kamila ba ta tambayi kowa ba, ta yafa mayafi ta tafi kiran Malam Gwadabe. Shi ne limamin unguwar, shi ya koya wa Nasidi baƙi da wasali, kuma a duk Fatakwal shi kaɗai ne Nasidi bai taɓa ɗaga wa murya ba. Duk da haka ransa ya ɓaci da aka kira shi, don yana ganin an tona masa asiri. Kafin Malam ya iso ya shiga ɗakin aiki har sau uku yana duba allo.

Malam ya zo rana tana gab da faɗuwa. Ya yi sallama, ya amsa gaisuwa a tsanake, ya tambayi gida da aiki kamar ba abin da ya kawo shi. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da yarinyar, uwarta ta riƙe mata kai. Ya zauna, ya nemi ruwa a kofi, ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa. An daɗe ba abin da ya motsa. Can yatsun ƙafar Siddiƙa suka fara karkarwa, ta miƙe zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, Malam. Ba da kai nike faɗa ba."

"Wace ce ke?"

"Baiwa sunana. A motar albasar Alhaji Yahya munka zo garin nan, tun wannan mai baƙar zuciyar bai san hannun damansa ba." Idon yarinyar ya juyo kan Nasidi. "Shekara arba'in muna lungun can. Hajo ta san da mu, mun san da ita. Ba mu taɓa ɓata mata ko cokali ba."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Mi jikana ya yi mishi? Jariri ne, kwana sittin. An huda bango an sako muna wuta a ka, ba sallama, ba bisimilla. Fatar yaron duk ta saɓule. Mun yi jifa, an zage mu. Mun yi tari a kunnensa, ya canza fanka."

Malam bai ɗaga murya ba. "An zalunce ku, na ji. Amma zalunci ba ya halatta zalunci. Ki ji tsoron Allah ki fita daga jikin baiwar Allah."

"A yanka min baƙin bunsuru."

"Ba za a zubar miki da jini a gidan Musulmi ba, ko na ƙadangare." Ya ɗauki kofin ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi wata ƙara a maƙogwaro, ta dafe kunnuwa. Kamila tana kuka ba sauti.

"Tsaya," in ji muryar. "Na bar bunsuru. A kashe wutar, a toshe hujin. Yanzu, kafin a kira salla. In an kira salla tana ci, ni da yarinyar mun zauna ke nan, ta ɗanɗani abin da jikana ke ɗanɗana."

Malam ya waiwayo. "Wannan kam haƙƙinsu ne, Nasidi. Tashi ka kashe."

A nan ne Nasidi ya yi abin da har ya mutu ba zai daina jin kunyarsa ba. Ya san abin da allo ya nuna a dubawarsa ta ƙarshe: kashi casa'in da huɗu cikin ɗari. Kwana biyu da wuni na dahuwa, wata guda na zane, motar Inugu da asuba. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Malam, saura awa biyu kacal ya gama. A roƙe ta awa biyu."

Kamila ta ɗago kai ta dube shi, kuma a shekara goma sha uku na aurensu bai taɓa ganin wannan kallon a idonta ba.

"Awa biyu," ta ce a hankali. "Taɓa jikinta, Nasidi. Taɓa ka ji, sannan ka sake faɗa." Ba ta taɓa kiran sunansa a gabansa ba sai ranar.

Bakin yarinyar ya yi dariya, busasshiyar dariyar tsofaffi. "Ka ji shi ko, Malam? Ka tambaye shi ina ɗiyarsa ke zama kullum da yamma. Bai sani ba. Tun da ya kore ta, wurinmu take zuwa da littafinta, ta jingina da bangonsa, don nan ne ta fi kusa da shi. In fanka na juyi ta san yana ciki. Zafin da ke gasa mu shi ke gasa ta. Ɗaga rigarta ka ga bayanta. Ni ban je neman ta ba, shi ya turo min ita."

Kamila ta ɗaga rigar. Bayan yarinyar daga kafaɗa zuwa ƙugu duk ƙuraje ne jajaye, wasu sun bushe, wasu sababbi. Ba na kwana biyu ba ne.

Fushin Nasidi ya taso kamar yadda ya saba, ya nemi wanda zai sauka a kansa. Ya dubi Malam, ya dubi matarsa, ya dubi katangar maƙwabta. Ba kowa. A karon farko fushin ya rasa masauki, ya juyo ya zauna a kan mai shi. Daga masallaci aka ji ladan ya ƙwanƙwasa lasifika sau biyu.

Ya ruga ɗakin. Sanyi da shirun nan da ya yi alfahari da su suka tare shi a ƙofa, ya ji ya tsane su. Allo yana nuna casa'in da biyar. Ya fizge wayar wuta daga bango. Injin bai ko ƙifta ba, baturan suka karɓa nan take, daidai yadda ya tsara su. Wata huɗu ya yi yana gina abin da ba ya tsayawa, ga shi kuwa ya ƙi tsayawa. Ya durƙusa ya laluba bayan baturan, ya kasa gane wace waya ce wace, alhali shi ya haɗa su. Sai ya kai yatsa kan maɓallin injin ya danne, ya riƙe, yana kallon gidajen Inugu a allo da bishiyoyinsu da fitilunsu, har allon ya yi baƙi. Ya fizge wayar fankar waje. Ta yi juyi uku ta tsaya. Ya tuɓe rigarsa ta Juma'a ya cusa a bakin bututun.

"Allahu akbar," in ji ladan.

Da ya fito Malam yana riƙe da babban yatsan ƙafar yarinyar na hagu. "An cika miki. Saura naki alkawarin."

"Na ji sanyi," muryar ta ce, ta yi laushi kamar mai jin barci. "A bar randar Hajo inda take. In za a shigo a yi sallama, ba mu fi haka nema ba. Na fita, kuma ba ni komowa."

"Allah ne shaida."

"Shi ne shaida."

Siddiƙa ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta faɗa kan cinyar uwarta. Gumi ya karyo mata ko'ina. Malam ya shafa mata ruwan kofin a fuska, ya miƙe ya ce zai je ya ja salla. A bakin soro ya tsaya ya dubi tsohon ɗalibinsa, wanda ke tsaye da singileti. Nasidi ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Malam ya sa takalmi ya fita, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi.

Bayan ɗan lokaci yarinyar ta buɗe ido. Ta ga uwarta, ta ga sama ta yi duhu. Sai ta karkata kai tana saurare. Babu ƙarar fanka daga lungu. Ta ga ƙofar ɗakin aiki a buɗe, ta ga ubanta tsaye a kanta, nan da nan ta takure jikin uwarta, ta ɗaga hannu ta kare fuska.

"Baba, wallahi ban taɓa ba," ta ce da muryarta ta yara. "I no touch am. Ban ma shiga ba."

Nasidi ya durƙusa a kan tabarmar. Ya kama hannun nan da ta kare fuska da shi, ya sauke shi a hankali, ya ji ya yi sanyi.

"Na sani," ya ce. "Ni na kashe."

Da safe, a lokacin da motar Inugu ke barin tasha, yana tsaye a bakin lungun da kwanon siminti a hannu, Siddiƙa na bayansa riƙe da butar ruwa. Ya daɗe yana kallon randar da ke kife. Sannan ya gyara murya ya yi sallama, ya jira kaɗan kamar yadda Hajo take yi, ya shiga.